Amsa ga Hajiya: yadda masu farautar 'yan besbol suke karanta awon yaron sakandare

Wa alaikumus salam Hajiya, da fatan kina lafiya tare da iyali. Na karanta tambayarki a kan yaronki ɗan shekara 16 da ke aji na 11 a wata sakandare a Teksas, wanda aka aiko wa takardar gayyata zuwa baje kolin 'yan wasan besbol na kuɗi. Kin ce kocinsa ya auna shi, ya yi gudun yadi 60 cikin sakan 7.1, ƙwallo tana barin sandarsa da gudun mil 86 a awa, jifansa daga bayan fili kuma ya kai mil 82, sannan yakan yi wa tawagarsu jifa lokaci-lokaci. Kina son ki san matsayin waɗannan lambobi, da kuma ko ya dace ki biya kuɗin. Na daɗe ina taimaka wa kocin wata sakandare a yankin Atlanta, galibi ni ne mai riƙe agogo da na'urar rada mai auna gudun ƙwallo, kuma zaman bayan raga ya haɗa ni da masu farautar 'yan wasa, wato masu zagayawa neman yara masu hazaƙa, na jami'o'i da na ƙungiyoyin MLB, babbar gasar besbol ta ƙwararru a Amurka, don haka zan faɗa miki abin da na gani.

A ganina ki riƙe kuɗinki tukuna. Awon da kika kawo na yaro ne mai ƙwazo wanda ya cancanci gurbinsa a tawagar makarantarsa, amma babu lamba ko ɗaya a ciki da za ta sa kocin babbar jami'a ya ajiye abin da yake yi ya nemi sunansa. Abin da aka auna a baje koli yakan zauna a intanet tare da sunan yaro da kwanan wata, saboda haka zuwa kafin a shirya sayen shaidar matsakaicin matsayi ne da kuɗin mutum.

Masu wannan sana'a suna duba abubuwa biyar a jikin ɗan wasa: iya samun ƙwallo da sanda, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili, da ƙarfin hannu wajen jifa. Kowanne ana ba shi maki daga 20 zuwa 80, tsarin da ake jingina wa Branch Rickey, wani tsohon shugaban ƙungiyoyin besbol, kuma 50 na nufin matsakaicin ɗan wasan MLB ne, ba matsakaicin ɗan sakandare ba. Shi ya sa a takardar mai farauta za ki ga maki biyu a gaban kowane abu, na yau da wanda yake hasashen yaron zai kai nan da wasu shekaru. Uku daga cikin biyar ɗin, wato gudu da hannu da ƙarfin bugu, na'ura tana iya auna su cikin safiya ɗaya. Samun ƙwallo da sanda, wanda shi ne ya fi raba waɗanda suka kai da waɗanda suka tsaya a hanya, ba a ganinsa sai a wasa, yaro yana fuskantar mai jifan da ya fi shi.

Gudun yadi 60, kusan mita 55 ke nan, shi ne awon da kowa ya fara tambaya. Abin da nake ji a bakin kocin jami'o'i shi ne ƙasa da sakan 7 ake so ga yawancin gurabe, mai tsaron tsakiyar bayan fili da mai tsayawa tsakanin tasha ta biyu da ta uku ana son su kusa da 6.7, wanda ya sauka 6.5 kuwa kowa zai ɗago kai ya dube shi. Sai dai ki tambayi kocin yadda ya auna. Agogon hannu yakan rage wa yaro kamar kashi ɗaya ko biyu cikin goma na sakan idan aka gwada shi da na'urar lesa, domin yatsa yana makara wajen farawa, yana kuma gaggawa wajen tsayarwa. Gudu a kan ciyawar roba ya fi na ciyawa mai raɓa sauri. Idan 7.1 ɗin da agogon hannu aka same shi, mai yiwuwa a baje koli ya ga 7.2 ko fiye. Labari mai daɗi shi ne wannan awo ya fi kowanne karɓar gyara, don yara da yawa a takun farko suke asarar lokaci: su miƙe tsaye tun ba su yi taku uku ba, ko su ja ƙafa baya kafin su tashi. Idan makarantarsu tana da kocin tsere, ya je wurinsa da hunturu.

Ba a gudun yadi 60 a miƙe a cikin wasa, shi ya sa tsofaffin masu farauta suka fi yarda da lokacin da yaro ya ɗauka daga bugun ƙwallo zuwa taka tasha ta farko, tazarar ƙafa 90. Mai bugu da dama da ya yi sakan 4.3 yana da maki 50, bahago kuma 4.2, saboda ya fi kusa da tashar da taku guda. Wannan awon a wasa ake ɗaukarsa ba tare da yaro ya sani ba, kuma a nan ake kama wanda yake sassarfa idan ya ga ƙwallon da ya buga za a tare ta. Na sha ganin mai farauta ya danna agogo, ya dubi lambar, ya ja layi a kan sunan yaro, alhali yaron yana da gudu, ƙin yi kawai ya yi.

Gudun ƙwallo daga sanda shi ne lambar da yara suka fi ɗorawa a Instagram, kuma ita ce ta fi ruɗar iyaye. Tun da MLB ta kafa tsarin Statcast mai auna motsin ƙwallo da na 'yan wasa a dukkan filayenta 30 a shekarar 2015, bugun da ya kai mil 95 a awa ake lissafawa a matsayin mai ƙarfi, na'urori irin su TrackMan da Rapsodo kuma suka sauko har ɗakunan atisaye na unguwa. Amma mil 86 ba ta da ma'ana sai an san yanayin da aka same ta. Shin a kan turken roba aka ɗora ƙwallon tana zaune, ko jefo ta aka yi? Sandar ƙarfe ce irin ta BBCOR da sakandare suke amfani da ita tun 2012, ko ta katako irin ta ƙwararru? Mafi ƙarfi ce a cikin bugu goma, ko matsakaicinsu? Yaro yana iya yin zuciya ya kwaɗa wa ƙwallon da ke zaune duka da dukkan jikinsa ya sami mil 92, sannan a wasa jifa mai lanƙwasa ta sa shi ya yi ta dukan iska. Abin da na ga masu farauta suna rubutawa a wasa shi ne ko yaron yana gane jifa tun tana barin hannu, ko yana barin wadda ta fita daga hurumin da dole mai jifa ya bi da ita, ko yana iya kai sanda ga jifan mil 90 ba tare da ya makara ba, da yadda yake yi idan saura kuskure ɗaya a fitar da shi. Dalilin da ya sa suke tururuwa zuwa gasar sandar katako da kamfanin Perfect Game mai shirya baje koli ke shiryawa a Jupiter ta Fulorida a watan Oktoba ke nan, da wasannin Area Code na Kalifoniya waɗanda masu farautar da kansu suke zaɓar 'yan wasansu: a can ne mai ƙarfi yake haɗuwa da mai ƙarfi.

Jifan mil 82 daga bayan fili matsakaici ne a shekarunsa. A baje koli ana barin yaro ya ɗebo gudu ya wurga ƙwallo da iyakar ƙarfinsa, ko da ta wuce kan wanda ake jefa wa, lambar kuma ta shiga takarda. A wasa kuwa ana duba saurin fitar da ita daga safar hannu, da ko ta tafi a miƙe ta isa inda ake so. Haka lamarin masu cafka yake, wato masu tsugunawa a bayan mai bugu suna karɓar jifa. Matsakaicin lokacin mai cafkar MLB daga kama ƙwallo zuwa isarta tasha ta biyu kusan sakan 2 ne, amma na taɓa tsayawa a wani baje koli inda 'yan shekara 15 suke ta samun 1.9, saboda kowannensu ya riga ya rabi miƙewa, ya matso gaba, babu mai bugu a gabansa.

Batun da na fi son ki kula da shi shi ne jifan da kika ce yakan yi. Na'urar rada ta mayar da gwiwar hannun yara abin caca. Matsakaicin jifa mai sauri a MLB yanzu yana wajen mil 94, kowane yaro kuma ya ji cewa mil 90 ce ƙofar babbar jami'a, sai ya shiga neman ta ko ta halin ƙaƙa. A 2014 ƙungiyar Marlins ta ɗauki Tyler Kolek, ɗan sakandaren Shepherd a can Teksas ɗinku, a matsayi na biyu a duk ƙasar a zaɓen sabbin 'yan wasa na MLB saboda yana haura mil 100. A 2016 aka yi masa tiyatar jijiyar gwiwar hannu, wadda ake kira da sunan Tommy John, kuma bai taɓa taka wasan MLB ba. Hunter Greene, wanda Reds suka ɗauka na biyu a 2017 da irin wannan hannu, shi ma an yi masa tiyatar a 2019, Allah ya sa ya dawo ya kai. Jinyar takan ci shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi, wanda ga ɗan aji 11 yana nufin duk lokacin da za a gan shi ya tafi. Binciken shekara goma da Glenn Fleisig da abokan aikinsa na cibiyar binciken raunin 'yan wasa ta ASMI da ke Birmingham a Alabama suka wallafa a 2011 ya nuna yaran da suke jifa fiye da zagayen wasa (inning) 100 a shekara sun fi sauran haɗarin mummunan rauni sau uku da rabi. Wani binciken na Mike Reinold a 2018 a kan atisaye da ƙwallaye masu nauyi ya sami ƙarin gudu na kusan kashi 3 cikin ɗari bayan mako shida, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da suka yi atisayen sun ji rauni. Ƙa'idar Pitch Smart ta MLB da USA Baseball ta taƙaita ɗan shekara 15 zuwa 16 a kan jifa 95 a rana, da hutun kwana huɗu idan ya kai 76, da hutun wata huɗu a shekara. Kocin makaranta yana ƙirga nasa, kocin tawagar bazara yana ƙirga nasa, babu mai haɗa jimla sai iyaye, don haka ki sami littafi ki riƙa rubutawa. Kada kuma ki yarda ya je a auna hannunsa a tsakiyar hutu, jiki a sanyaye.

Akwai abu ɗaya a tambayarki da ya faranta mini rai, wato shekarunsa. Masu farauta ba sa karanta lamba ita kaɗai, sai sun dubi ranar haihuwa da ƙirar jiki: faɗin kafaɗa, tsawon gaɓoɓi, ko ya gama tsawo, har tsayin iyaye suna leƙawa a wurin zaman 'yan kallo. Nazarin da Rany Jazayerli ya yi a 2011 ya nuna masu bugu 'yan sakandare da suka fi ƙuruciya a ajinsu sun fi manyan cikinsu amfani daga baya, kuma ƙungiyoyi sun shigar da wannan cikin lissafinsu. Siririn yaro ɗan 16 mai mil 86 ya fi jan hankali a kan ƙaton ɗan 19 mai mil 92 wanda jikinsa ya riga ya cika. Duk da haka suna kuskure. Ƙungiyoyi sun tsallake Mike Trout, wanda daga baya ya zama tauraron MLB, har zuwa zaɓi na 25 a 2009, kuma daga cikin dalilan da aka fi ambata akwai fitowarsa daga Millville ta New Jersey, inda sanyi yake gajarta kakar wasa. Mookie Betts, shi ma tauraro daga baya, sai a zagaye na biyar Red Sox suka ɗauke shi a 2011, ɗan ƙaramin jiki daga Nashville.

Zaɓen sabbin 'yan wasa na MLB zagaye 20 ne tun 2021, bayan da yake 40, kuma 'yan jami'a ne suka fi yawa a ciki. A cikin yara kusan rabin miliyan da ke buga besbol a sakandaren Amurka, waɗanda suke samun gurbi a jami'o'in NCAA, babbar hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, ba su kai ɗaya cikin goma ba. Saboda haka jami'a ce hanyar da ya kamata ku sa a gaba. Bisa dokar da aka kafa a 2023, kocin jami'o'in rukuni na ɗaya, wato mafi girma a NCAA, ba sa tuntuɓar yaro sai daga 1 ga Agusta kafin ya shiga aji na 11, wato yaronki ya riga ya shiga lokacin da mai sonsa zai iya kiransa a waya. Takardar da ta zo da farashi a ƙasanta galibi ɗaruruwan yara aka aika wa irinta. Kada ku raina kwalejojin shekara biyu. San Jacinto da ke Houston ita ce ta fitar da shahararrun masu jifan MLB Roger Clemens da Andy Pettitte, ɗan irin wannan kwaleji kuma yana iya shiga zaɓen MLB bayan shekara ɗaya, alhali na jami'ar shekara huɗu sai ya gama ta uku ko ya cika 21.

Ya yi hunturun nan yana ɗaga ƙarfe a ƙarƙashin wanda ya san aikin, yana gyara tashinsa a gudu, yana cin abinci da barci sosai, a sake auna shi da lesa kafin bazara. Idan gudun ya sauka ƙasa da 7, bugun ya doshi mil 90, to ku zaɓi baje koli guda ɗaya, ko sansanin da jami'ar da yake so take shiryawa a filinta, inda kocin da zai yanke shawara yake tsaye da kansa. Ku haɗa bidiyon da bai wuce minti biyu ba, babu kiɗa, a ɗauki bugunsa daga gefe da kuma daga baya, a sa 'yan bugun da ya yi a wasa na gaske, a rubuta shekarar da zai gama makaranta, da tsayinsa, da nauyinsa, da makin karatunsa, da lambar kocinsa. Yaron ne zai aika saƙon da hannunsa, ba ke ba, domin kocin jami'a suna lura da wannan. Idan kin sami amsar kocin a kan agogon da sandar da aka yi awon da su, ki turo, zan duba miki.