Tambaya da Amsa: In ana ƙarancin matuƙa jirgi, me ya sa nake zaune da lasisi a hannu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Kyaftin, Allah ya ƙara girma. Na gama karatun tuƙin jirgi, ina da lasisin CPL (na tuƙin jirgin kasuwanci) da awa 200 da 'yan kai na tuƙi. Yau shekara biyu ina zaune a Agege wurin kawuna, ina taya shi tsaron shago. Babu kamfanin da ban kai wa takarduna ba a Ikeja, amsar kuma guda ce: "za mu neme ka." Ga shi kullum ina gani a labarai wai duniya na fama da ƙarancin matuƙa, har ƙananan kamfanoni na ajiye jirage don babu mai tuƙawa. Yanzu wani mutum ya samu mahaifina, ya ce in aka biya zai kai ni waje na yi horon Boeing 737, aiki na jirana, har zai "gyara" min littafin awoyi ya kai 500. Mahaifina na shirin sayar da gidansa na Kano. Wallahi ba na iya barci. Ƙarancin nan gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya sa ni ba a neme ni ba?

Ɗanka daga Agege, Legas.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, ɗauki waya ka roƙi Alhaji ya dakatar da cinikin gidan. Sauran bayani zai iya jira, wannan kam ba zai jira ba.

Ƙarancin gaskiya ne, amma na ƙwararru ne. Wanda kamfanoni ke nema ruwa a jallo shi ne kyaftin mai dubban awoyi a kan irin jirgin da suke da shi, musamman kyaftin mai izinin horar da wasu. Masu sabon CPL kuwa, a Legas ɗin nan kaɗai sun fi guraben da ake da su yawa nesa ba kusa ba.

Yawancin labaran da kake gani daga Amurka suka taso. A watan Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka mutu. Majalisarsu ta yi doka a 2010, daga 2013 kuma aka daina ba mutum kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙi, a jirgin fasinja sai ya tara awa 1,500, in ban da tsoffin sojoji da ɗaliban wasu jami'o'i da aka rage wa adadin. Da korona ta zo a 2020, manyan kamfanoni suka biya dubban tsofaffin matuƙa kuɗin sallama suka yi ritaya da wuri, ga kuma ƙa'idar ritaya a shekara 65 tana fitar da wasu kowane wata. Fasinja na dawowa, sai Delta da United da American suka shiga kwasar kyaftin-kyaftin daga ƙananan kamfanoni irin su SkyWest da Envoy da Piedmont. Ƙananan suka wayi gari ga jirage ga mataimaka, amma babu mai zama kujerar hagu, wato ta kyaftin. Aka ajiye jirage. A 2022 American ta daina zuwa garuruwa irin su Toledo da Ithaca da Dubuque, wasu ƙananan kamfanonin kuma suka ɗaga albashin sabon mataimaki ya kai wajen dala 90 a awa. Amma ba a je ko'ina ba, a 2024 Boeing ta yi ta jinkirin miƙa sababbin jirage, ɗaukar aiki ta ja baya, har Spirit ta tura wasu matuƙanta gida. Harkar nan haka take, ta yi sama ta yi ƙasa. Hasashen Boeing da dillalai ke yawo da shi a waya, na buƙatar matuƙa sama da 600,000, lissafi ne na shekara 20 kuma na duniya baki ɗaya. Ba takardar ɗaukar aiki ba ce.

A gida Najeriya abin ya fi zafi, domin ƙananan kamfanoninmu da Naira suke sayar da tikiti, amma da dala suke biyan hayar jirgi da inshora da kayan gyara da horon simuleta, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, albashin kyaftin ɗinmu ya zube in aka auna shi da na takwaransa da ke Doha ko Dubai. To me zai zaunar da shi? Kyaftin ɗin ƙananan jirage irin Embraer 145 ko ATR ya koma babban kamfani, na babban kamfani ya haye ƙasashen Larabawa. Ƙaramin kamfani sai ya ɗauko baƙo ya biya shi da dala, ko ya yi hayar jirgi da matuƙansa gaba ɗaya, wanda a cikinsa babu kujera ko ɗaya ta ɗan ƙasa. In abin ya ci tura sai a rage zirga-zirga, kuma ba layin Legas zuwa Abuja ko Fatakwal ake fara taɓawa ba. Sakkwato da Yola da Gombe da Katsina su ne ke fara ji a jikinsu.

Ga kuma abin da ya shafe ka kai tsaye, wanda dillalin ba zai faɗa wa Alhaji ba. Ranar da kamfani ya ɗauke ka, ba za a haɗa ka da kowane kyaftin ba. Sai ka yi zango da yawa tare da kyaftin mai horarwa, da farko ma har da matuƙi na uku a bayanku yana sa ido. In kamfani na da masu horarwa biyu, ɗaya ya tafi, ƙofar shigar sababbi ta ragu da rabi. Wato ficewar ƙwararru a karon farko ba ta buɗe wa irinku hanya, toshe ta take yi. Daga baya ne, in aka ɗaga tsofaffin mataimaka zuwa kujerar hagu, guraben ƙasa ke buɗewa. Za su buɗe, wannan ba na shakka, amma sannu a hankali, kuma ga wanda lasisinsa ke da rai a ranar. Kai da kake kusa da kasuwar shanu ta Agege ka san babu mai tirela da zai damƙa wa yaron da ya karɓi lasisi jiya mota cike da shanu daga Potiskum zuwa Legas, komai ƙarancin direbobi. Sai ya yi zaman gefen direba tukuna, kuma sai an samu direban da zai zauna da shi.

Yanzu bari mu zo kan wannan mutumin, domin irinsa ne ke hana ni sakat. Kusan kullum sai wani uba ya tare ni da maganar nan: "Kyaftin, ai an ce ana neman matuƙa, yaro ya samu takarda kawai." Wannan magana ta cinye gidaje da gonaki da garken shanu. Na zauna da wani dattijo a wata 'yar rumfar shayi kusa da tsohuwar tashar jiragen cikin gida, ya zaro takardun ɗansa daga jakar leda, an liƙe su da roba don kada su lalace, yana shafa su yana tambayata me ya rage. Yaron ya yi horon 737 a waje, shekara ta zagayo bai taɓa jirgin ba, izinin ya mutu. Kafin a farfaɗo da shi sai an sake biyan simuleta da dala. Gonar kuwa ta riga ta tafi.

Ka san horon nau'in jirgi ba digiri ba ne da za a rataye a bango. In ba ka tuƙa ba, mutuwa yake yi. Sannan wa ya ce maka 737 kamfanin da zai ɗauke ka yake da shi? Overland da Green Africa suna da ATR, Rano Air da United Nigeria suna da Embraer 145, Ibom Air na da CRJ900 da A220, ValueJet na da CRJ. Ƙananan kamfanoni su ne ƙofar sabon matuƙi, kuma da yawansu ba 737 suke tuƙawa ba. Ka zuba dukiyar gidanku a kan jirgin da ba shi za a ba ka ba? Ka tambayi mutumin nan abu uku a gaban Alhaji. Wane kamfani ne aikin yake jira, kuma ina wasiƙarsu mai sa hannun shugaban matuƙansu? Makarantar da zai kai ka, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da ita har za ta sa horon a lasisinka? Kuɗin ya haɗa da tashi da sauka a jirgi na gaske, ko a simuleta zai ƙare? Za ka ga ya fara kame-kame, yana cewa yana da "mutane a sama". In ma Amurka ce a bakinsa, ka sani bizar ɗalibin tuƙi ba ta aiki ba ce, lasisinka sai an juya shi zuwa na hukumarsu ta FAA, kuma awa 1,500 na nan tana jiranka. Babu dillalin da ya isa ya tsallakar da kai waɗannan.

Maganar gyaran littafin awoyi kuwa, ɗana, kada ka sake ka bari ta ƙara shiga kunnenka. Wannan ba dabara ba ce, cin amanar rayuka ne. Awa 300 da aka rubuta da biro ba za ta riƙe maka jirgi ba ranar da hazo ya rufe Kano, ko ranar da hadarin damina ya tsaya a kan hanyar sauka a Ikeja, injin ɗaya kuma ya yi shiru. Mu da ke zama bayan ɗalibi a simuleta, kafin a gama zango na farko mun san awoyin da ke hannunsa, ko me littafi ya ce. Yadda yake duba agogunan gabansa, yadda yake amsa wa hasumiya, yadda hannunsa ke neman maɓalli, duk suna tona shi. Kowace awa kuma tana da lambar jirgi da rana da filin da aka tashi, ana iya bin sawunta. Ranar da aka kama ka, lasisin ya tafi, sunanka kuma ya ɓaci a sana'ar da kowa ya san kowa. Dubi Pakistan: bayan faɗuwar jirgin PIA a Karachi a watan Mayun 2020, ministansu ya tsaya a majalisa ya ce matuƙa 262 cikin 860 lasisinsu na da alamar tambaya. Turai ta rufe wa kamfanin ƙofa, ba ta buɗe ba sai ƙarshen 2024, masu gaskiya a cikinsu suka sha wuya tare da masu maguɗi. Mutum 50 ko 150 ne za su zauna a bayanka, da tsofaffi da jarirai da masu zuwa asibiti, ba wanda ya san fuskarka, sun dai miƙa wuya. Wanda ya zauna kujerar nan da awoyin ƙarya, albashinsa haram yake ci tun daga watan farko, kuma duk abin da ya faru yana wuyansa har gaban Allah. Mutumin da ya yi maka tayin ƙarya a littafi, me zai hana shi yi wa mahaifinka ƙarya a kan aiki?

Laifin ba na dillalai kaɗai ba ne. Gwamnatoci na tura yara karatu su tsaya a CPL, kamar nan ne ƙarshen hanya. Kano ta tura matasa 100 Jodan a wa'adin Kwankwaso na biyu, niyya mai kyau, amma da yawa sun dawo sun daɗe ba su shiga ɗakin tuƙi ba. Ƙa'idar ɗauko ma'aikata baƙi ta ce a haɗa baƙo da ɗan ƙasa mai koyo a ƙarƙashinsa, to wa ke bin kamfanoni ya ƙirga? Takarda ake cikewa a ajiye a fayil.

Duk da haka kana da abin da takwaranka na Amurka ba shi da shi: a nan ba a ɗora maka awa 1,500 kafin ka zauna kujerar dama. Matsalarmu ita ce ƙananan jiragen da ake tara awoyi da su ba su da yawa. Don haka ɗan kuɗin da Alhaji zai iya fitarwa ba tare da ya taɓa gida ba, a sa shi inda zai yi amfani. Ka sabunta gwajin lafiyarka na aji ɗaya da izinin tuƙi da na'ura kowace shekara, kada ka bari ko ɗaya ya mutu. Ka zauna ka ci jarrabawar rubutu ta ATPL, wato lasisin da ake buƙata don zama kyaftin, tun yanzu da kake da lokaci a shago. Ka nemi izinin koyarwa, ka buga ƙofar kwalejin tuƙin jirgi ta NCAT da ke Zariya da kuma kwalejin tuƙin jirgi ta Ilori, domin malami awoyinsa na taruwa ana kuma biyansa. Kada ka raina aiki a ofishin tsara tashin jirage ko sashen kiyaye haɗurra na wani kamfani a Ikeja. In gurbi ya buɗe, wanda shugaban matuƙa ke gani kowace safiya ake fara tunawa, ba takardar da ke ƙasan durowa ba. Kamfanonin jiragen shata ma ka leƙa su.

In kamfani ya ce zai ɗauke ka da sharaɗin ka biya horon da kanka, ko ya biya ya ɗaure ka na wasu shekaru, wannan magana ce da za a zauna a kai. Amma a rubuce, kuma ka kai wa lauya ya karanta. Ya duba ko kuɗin ɗaurin da dala aka rubuta shi ko da Naira, ko yana raguwa duk shekara, da kuma abin da zai faru in kamfanin ne ya daina tashi ko ya daina biyan albashi. Wannan na ƙarshen kada a yi wasa da shi a ƙasar da Okada da Chanchangi da Bellview da Air Nigeria duk suka tashi suka kwanta. Sai wasiƙar ɗaukar aiki ta shiga hannunka, ka kuma je ofishin da ƙafarka ka tabbatar da ita, sannan ku yi maganar inda kuɗin horo zai fito. Ko a lokacin ma, a fara duba bashi ko gudummawar dangi kafin a kai ga gidan da ƙannenka ke kwana a ciki. Ka gaishe min da Alhaji, in kuma yana son jin wannan daga bakina, ku zo tare.