Garantin sabuwar mota a Amurka: amsa ga ƙaninmu mai shirin tasowa daga Kano

Assalamu alaikum ƙaninmu. Saƙonka ya iso, muna taya ka murnar samun gurbin karatu, Allah ya sanya albarka. Ka ce yanzu kana Kano kana harhaɗa takardu, za ka zo Amurka digiri na uku na shekara biyar tare da iyali, kuma kana da niyyar cirar sabuwar mota dal ta hanyar biya kaɗan-kaɗan, in ka gama ka ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa gida. Tambayarka ita ce ko garantin da ke zuwa da motar ya isa, ko kuwa ka sayi ƙarin nan na shekara bakwai da ka ji ana sayarwa, domin ya rufa maka baya har bayan ka koma Kano.

Shawararmu ita ce kada ka sayi ƙarin garanti ranar da za ka ɗauki mota. Kuma ka cire rai cewa wani garanti, na kamfani ne ko na saye, zai bi ka zuwa Kano.

Mu fara da wanda ke zuwa da motar. Ba abu ɗaya ba ne, alkawura ne daban-daban a littafi guda, kowanne da wa'adinsa. Babban cikinsu shi ne wanda suke kira daga bamba zuwa bamba, mai ɗaukar kusan komai: na'urar sanyi, kayan wuta, allon gaban direba, sitiyari, injin ɗaga gilashi. A Toyota da Honda da Ford da Nissan da Chevrolet wa'adinsa shekara 3 ne ko mil 36,000, wanda ya riga cika. Da mil ake lissafi a nan, kuma mil 36,000 kusan kilomita 58,000 ne. Ka lura da "wanda ya riga cika" ɗin nan. Wanda yake cin mil 18,000 a shekara, nasa ya ƙare a shekara biyu, ko da motar tana ƙamshin leda.

Na biyu shi ne na inji da giya da abin da ke kai ƙarfi zuwa ƙafafu. Waɗancan kamfanoni suna ba shi shekara 5 ko mil 60,000. Hyundai da Kia sun fi tsawo: shekara 5 ko mil 60,000 a na gaba ɗaya, shekara 10 ko mil 100,000 a na inji da giya. Sai dai na shekara goman nan na wanda ya fara sayen motar ne kaɗai, idan ta sauya hannu sai ya koma shekara 5 ko mil 60,000. Kuma ba ya aiki a kan motar haya ko ta kai saƙo.

Akwai na uku da mutane da yawa ba su san suna da shi ba. Dokar tarayya ta tilasta wa kamfanoni su ɗauki nauyin manyan kayan tace hayaƙi, wato katalis da kwamfutar injin da makanikan gida ke kira birenbos, har shekara 8 ko mil 80,000. Kaya ne masu tsada, don haka idan aka ce maka ɗayansu ya mutu, ka duba wannan shafin kafin ka sa hannu a aljihu. Babban batirin mota mai lantarki yawanci shekara 8 ne ko mil 100,000, Toyota kuma tana ba batirin motocinta masu haɗa fetur da lantarki shekara 10 ko mil 150,000 tun daga ƙirar 2020. Akwai na tsatsa ma, amma sai ƙarfen ya huje ake kula ka. Idan jihar da za ka ana zuba ƙanƙara, gishiri suke barbaɗawa a titi, sai ka riƙa wanke ƙarƙashin motar da kanka.

Duk waɗannan alkawura a kan abu ɗaya suke: kuskuren ƙira ko na haɗawa. Garanti ba inshora ba ne. Haɗari, ambaliya, sata, dutse ya fasa gilashi, ɓera ya cinye waya, duk wannan maganar inshora ce. Kayan da ke cinyewa da amfani kuma naka ne: fad ɗin birki, waifa, filta, baƙin mai, faifan kuloci. Taya tana da nata garantin daga kamfanin da ya yi ta.

Inda muka fi jin tsoro a kanka shi ne ɗabi'un gyaran mota da muka taso da su. A gida makaniki ya cire tamostat, ya haɗa fanka dairek, ya ɗura ruwan famfo a lagireto, ya zuba baƙin mai mai kauri wai don inji ya yi ƙarfi, ba wanda zai ce uffan. A nan kowanne daga cikinsu hujja ce da za a ƙi yi maka gyara. Yawancin sababbin motoci mai marar kauri suke sha, irin 0W-20, saboda hanyoyin da man ke bi a cikin injin ƙanana ne; mai kauri ba ya isa sama da wuri lokacin tayarwa, musamman da sanyi, sai ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe. Ruwa zalla kuwa yana daskarewa da hunturu ya kumbura, yana iya tsaga injin kansa. Cire katalis laifi ne ma a dokar tarayya. Haka nan idan allurar zafi ta haura ko fitilar mai ta kama, kada ka ce bari in lallaɓa in ƙarasa gida. Famfon ruwa da ya lalace aikin garanti ne, amma gasket da kan injin da suka ƙone saboda ka ci gaba da tafiya, za su ce sakacinka ne. Ka tsaya gefe, ka kashe mota, ka kira a ja ta.

Dila, wato mai sayar da motocin kamfanin, zai so ka ɗauka cewa dole a wurinsa za ka riƙa yin sabis, in ba haka ba garanti ya karye. Ba gaskiya ba ne. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai ka je wani gareji ko ka sa kayan da ba nasa ba, sai in an nuna cewa wannan aikin ko kayan ne ya jawo matsalar. Abin da ake buƙata daga gare ka shaida ce. Duk juyen mai ka karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata, da mil ɗin da motar ke kai, da irin man da aka zuba, ka ɗauki hotonsa a waya domin rubutun rasit yana gogewa. Ranar da inji ya buga aka buɗe aka ga dauɗar mai ta daskare a ciki, rasit ɗin nan shi ne lauyanka. Gyaran garanti kansa kuwa a wurin dilan kamfanin ake yi, kowanne daga cikinsu, ba lallai wanda ya sayar maka ba. Duk lokacin da ka kai ƙorafi ka tabbata an rubuta shi a takardar aiki, ko da sun ce ba su ga komai ba. Kowace jiha tana da dokar da ke tilasta a sauya ko a mayar da kuɗin sabuwar motar da aka yi ta gyara ciwo ɗaya ya ƙi warkewa, kuma da waɗannan takardu ake ƙirga sau nawa aka gwada.

To, ga maganar ƙarin garanti. Bayan kun gama ciniki za a shigar da kai wani ofis don cike takardun bashi, a nan ake tallarsa. Sunan ne kawai garanti. A zahiri kwantiragin gyara ne da kake saya daban, kuma dila yana da riba mai kauri a ciki, shi ya sa farashinsa ake tayawa kamar yadda ake taya atamfa a Kantin Kwari. Ba za su faɗa maka jimla ba, sai dai su ce ɗan abu kaɗan ne zai ƙaru a wata. Ga misali ka lissafa: kwantiragi na dala 2,500 da aka cusa cikin bashin wata 72 a kan ruwa kashi 10 cikin ɗari, dala 46 da 'yan kai ne a wata, amma a ƙarshe ka biya kusan dala 3,335. Sabon zuwa ba shi da tarihin bashi, don haka ruwan da ake ɗora masa yakan yi yawa. Ga mai gudun kuɗin ruwa saboda addini, wannan ƙarin nauyi ne da babu abin da ya tilasta shi. Idan aka ce maka banki ba zai ba ka bashi ba sai ka saya, ka ce a nuna maka a rubuce cikin takardar bashin. Yawanci nan maganar take mutuwa.

Sannan shekara bakwai ɗin ba bakwai ba ce. Galibi daga ranar da aka fara sayar da motar ake ƙirgawa, alhali shekara ukun farko kamfani ya riga ya ɗauke maka kusan komai, inji da giya kuma har shekara biyar. Kai da za ka yi shekara biyar ka tafi, abin da kuɗinka ya saya shi ne shekara ta huɗu da ta biyar, su ma a kan kayan wuta da na'urar sanyi da makamantansu kawai. Idan Hyundai ko Kia ka ɗauka, wannan giɓin ma kusan babu shi, matuƙar ba ka haura mil 60,000 ba.

Ba mu ce ba shi da amfani ga kowa ba. Wanda zai riƙe mota shekara takwas a nan, ko ya sayi motar Jamus mai tarin na'urori da tsadar gyara, ko wanda gyaran dala dubu biyu lokaci ɗaya zai durƙusar da gidansa, yana da hujjar saye. Amma shi ma ba ranar farko ba. Kamfanoni da dama suna bari ka sayi nasu kwantiragin kowane lokaci kafin shekara 3 ko mil 36,000 su cika, kuma daga kowane dilansu. Ka bari sai motar ta kusa cika wa'adi, lokacin ka san halinta, ka san ko zama za ka yi ko tafiya, sai ka nemi farashi a wuri uku ka biya lakadan.

In za ka saya, ka fara duba wane ne zai biya kuɗin gyaran. Na kamfanin da ya ƙera motar ya fi kwanciyar hankali. Na 'yan tsakiya kuwa, wato kamfanonin da ba su ne suka ƙera motar ba, idan kamfaninsu ya rushe kuma babu inshora a bayansa, takardar ta zama banza. Ka duba salon rubutun ma: akwai mai lissafa abin da zai gyara kawai, duk abin da ba a ambata ba naka ne, akwai mai cewa ya ɗauki komai ban da abubuwan da ya lissafa. Na biyun ya fi. Ka tambaya ko kason da za ka biya daga aljihunka na kowace ziyara ne ko na kowane gyara, domin dala 100 a kan gyara uku rana ɗaya ta zama 300. Kada makaniki ya kwance ko noti ɗaya kafin masu kwantiragin su ba da izini, in ba haka ba ba za su biya ba, kuma idan aka buɗe inji don bincike suka ƙi amincewa, kuɗin buɗewar a kanka yake. Masu bugo waya ko aiko wasiƙa cewa garantinka ya kusa ƙarewa, kada ka ba su lambar kati ko wani bayani naka.

Idan kuma an riga an yi maka zaƙin baki ka sa hannu, ba a makara ba. Yawancin kwantiragin suna ba da kwana 30 zuwa 60 ka soke a mayar da kuɗi gaba ɗaya, bayan haka a mayar da na ragowar wa'adi. Ka yi a rubuce. In akwai bashi a kan motar, banki za a tura wa kuɗin a rage maka bashin.

Batun kawo ta gida kuwa, garantin motar da aka sayar a Amurka an tsara shi ne don Amurka da maƙwabtanta irin su Kanada. Wakilin kamfanin a Najeriya babu wajibi a kansa ya gyara maka kyauta, shi motocin da ya shigo da su yake ɗauka. Kwantiragin da ka saya shi ma a tashar jirgin ruwa yake tsayawa. Da ta sauka Legas ta kamo hanyar Kano, garantinka shi ne makanikinka da kasuwar Ƙofar Ruwa. Saboda haka tun wurin zaɓe ka ɗauki motar da kayanta ke samuwa a can kuma makanikan Kano sun san cikinta, wannan ya fi maka kowace takarda. Ka sani kuma ba a fitar da motar da ake bin ta bashi sai da izinin bankin, kuma kwastan na Amurka suna buƙatar takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a loda ta.

Wata biyu ko uku kafin tafiya ka kai ta wurin dila a duba ta tas, duk abin da ke cikin wa'adi a gyara. Ka ɗauki lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka saka a shafin hukumar NHTSA mai kula da lafiyar motoci a Amurka ka ga ko akwai kiranye a kanta, wato kamfani ya nemi a dawo da irinta a gyara wani lahani. Gyaran kiranye kyauta ne kuma ba ya ƙarewa da ƙarewar garanti, amma sai motar tana inda dila zai taɓa ta. Jakar iskar kariya daga haɗari ta kamfanin Takata, wadda ta jawo kiranye mafi girma a tarihin motoci a Amurka, zafi da laima ne ke lalata sinadarin cikinta har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe, ka ga ba abin da za a kai ƙasa mai zafi ba a gyara ba ne. In kana da ƙarin kwantiragi, ka soke shi kafin a loda motar, ka haɗa takardar sokewar da shaidar mil ɗin da take kai a ranar, ka bar asusun bankinka na nan a buɗe har kuɗin ragowar su shigo.

Ka gaida mutanen gida, Allah ya kawo ku lafiya.