Fatawa: Ya Halatta In Bar Bankin Musulunci Saboda Rashin Kula da Kwastoma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Zariya, ina saro masara da waken suya daga Giwa da Saminaka. Ina da karant akawun a wani bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, amma na gaji. Kwanan baya na tura wa dillali kuɗin mota guda ta masara, aka cire a wajena, shi kuwa bai ga alat ba. Na yi ta zarya ana ce mini in dawo gobe, har ya sayar wa wani da kayan. Akwai wani bankin gama-gari, wato mai mu'amala da kuɗin ruwa, a PZ da abokaina ke yabon aikinsa. Ya halatta in koma can, tunda karant ba a ba da kuɗin ruwa a kansa?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Alhaji, Allah Ya mayar maka da alheri.

Sai mun san matsayin kuɗinka a Shari'a kafin mu yi maganar inda za ka kai su. Kuɗin da ke karant bashi ne ka ba banki. Ajiyar amana ba a taɓa ta, kuma in ta salwanta ba da sakaci ba, wanda aka ba bai biya. Banki kuwa juya kuɗinka yake yi, kuma dole ya biya ka ko da wuta ta cinye reshen. Zubairu ɗan Awwam, Allah Ya yarda da shi, haka yake yi: Bukhari ya ruwaito cewa idan mutum ya kawo masa ajiya sai ya ce a'a, a bar shi a matsayin rance, domin yana tsoron ya salwanta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma a kan wannan ta tsaya a zamanta na Abu Dhabi a 1995, ba ta bambanta bankin Musulunci da waninsa ba.

To tunda kai ne mai bin bashi, tambayar wa zai biya ka ba tare da ja-in-ja ba tambaya ce ta addini, kada wani ya ce maka son duniya ne. A aya ta 75 cikin Ali Imrana Allah Ya yabi wanda ko dukiya mai ɗimbin yawa ka ba shi zai mayar maka, Ya zargi wanda dinari ɗaya ma ba zai mayar ba sai ka tsaya a kansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Ban ga inda aka togance mawadacin da ya rubuta "Musulunci" a allon ƙofarsa ba. Ma'aikacin da ya san kuɗin mutum sun maƙale, ya ce masa ya dawo gobe alhali bai ko buɗe fayil ɗinsa ba, ya ji tsoron Allah. Ina faɗar wannan ne domin wasu 'yan'uwa suna ganin sukar irin waɗannan bankuna kamar sukar addini ce. Ba haka ba ne.

Sai dai rance yana da ɗaya fuskar: me wanda ka ranta wa zai yi da shi? Bankin gama-gari sana'arsa ba da bashi da ruwa, kuma kuɗin karant su ne mafi arha a wurinsa, domin galibi bai biya komai a kansu ba. Kai ba ka ci ba, ba ka ciyar ba, ba ka rubuta ba, ba ka yi shaida ba, saboda haka ba na sa ka cikin tsinuwar hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito a kan mai cin riba da mai ciyar da ita da marubucinta da shaidunta. Amma kuɗinka sun ƙara masa ƙarfi, Allah kuwa Ya hana taimakekeniya a kan saɓo a aya ta 2 cikin Ma'ida. Wasu suna kafa hujja da cewa Annabi ya rasu sulkensa na jingine wurin Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Hadisin ingantacce ne, yana nuna halaccin ciniki mai tsabta da wanda dukiyarsa ke da gauraye. Amma sayen abinci daban, miƙa wa mutum jarin da zai ba da da ruwa daban. Shi ya sa malaman da suka halatta irin wannan asusu suka rataya shi a kan buƙata.

Buƙatar kuwa ta ragu. Kafin bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki a Janairun 2012, iyayenmu ba su da zaɓi. Yau ga TAJ tun 2019, ga Lotus tun 2021, ga Alternative Bank. Ban tambaye ka wanne ya ɓata maka rai ba, kuma laifin ɗaya bai hau kan sauran. Ka fara duba wanda hannunka zai kai gare shi a cikinsu, ka tambayi 'yan kasuwar da ke tura kuɗi irin naka, ba masu karɓar albashi sau ɗaya a wata ba. A tsakanin waɗannan bankuna, zaɓi wanda ya fi iya aiki, babu ko karhanci.

Sannan ka rarrabe tsakanin cutarwa da jin daɗi. Sanyin na'ura, kujera mai laushi, manajan da ke tashi tsaye yana ce maka "ranka ya daɗe", waɗannan ba sa halatta komai. Cutarwa ita ce irin wadda ka ambata, idan ta zama ɗabi'a: kana tsaye a kasuwar Giwa, an gama awo, 'yan dako sun loda, direba ya tayar da mota, kuɗi kuma sun tsaya a hanya, in ka kira ba mai ɗauka. Sau ɗaya bai isa hukunci ba, domin sabis yakan yanke wa kowane banki, kowa ya gani lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Kuma ka san haƙƙinka. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2020 ta ce kuɗin da suka maƙale a ATM na wani banki a mayar da su cikin awa 48, na POS cikin awa 72. Ka rubuta ƙorafi a takarda, a buga maka hatimi a kwafinka. In mako biyu ya wuce ba su warware ba, kana da damar kai su sashen kare haƙƙin kwastoma na Babban Banki.

Idan ka yi wannan, ka gwada wani, kasuwancinka ya ci gaba da cutuwa, to abin da ya rinjaya a wurina shi ne ya halatta ka buɗe karant a bankin gama-gari gwargwadon buƙatarka. Ka mayar da shi hanyar wucewar kuɗi kawai: kuɗin sari su shiga su fita, jarin da zai kwana biyu ka bar shi a ɗaya bankin. Ka karanta takardar kafin ka sa hannu, domin wasu karant ɗin ana liƙa musu ruwa in kuɗi sun kai wani adadi. Idan suka yi maka tayin cire fiye da abin da kake da shi, ka ƙi, wannan bashi da ruwa ne tsagwaronsa. Haka garaɓasar mota ko kuɗi da ake ba wanda ya bar kuɗi masu yawa a asusu, tana cikin abin da Ibn Abi Zaid ya hana a Risala, rancen da ya jawo amfani. In wani abu na ruwa ya shigo ba da neman ka ba, ka fitar da shi ga mabuƙata ba da niyyar sadaka ba.

Cajin da suke cirewa na kati, na saƙon waya, na littafin cek da na kula da asusu ladan aiki ne, babu laifi ka biya a kowane banki. Ranar da bankin da ba ruwansa da kuɗin ruwa ya iya yi maka abin da kake buƙata, uzurin ya ƙare, sai ka rufe wancan. Allah ne Mafi sani.