Amsa ga 'yar'uwar da tsakuwa ta toshe wa mahaifiyarta bututun matsarmama

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya tashi kafaɗun Hajiya. Kin ce mako biyu ke nan idonta ya koma ruwan ɗorawa, fitsarinta kamar baƙin shayi, hoton ciki ya nuna tsakuwa a matsarmama, an kuma rubuta CBD ya buɗe milimita 13. Likita ya ce aiki, kawunnanki sun ce shawara ce, a ba ta jiƙo. Kina tambaya ko da hanyar kauce wa wuƙa. Wallahi ina karantawa gabana na faɗuwa, don wannan ciwo ya taɓa shigo mana gida, jayayyar dangin ma na san ta.

Shawarar Hajiya ta toshewa ce. Wannan CBD da kika gani a takarda shi ne babban bututun da ke kwaso ruwan ɗaci daga hanta da matsarmama ya zuba a farkon ƙaramin hanji. Tsawonsa kamar na ɗan yatsa, faɗinsa a mai lafiya ba ya wuce milimita 6. Nata ya ninka, alamar wani abu ya tsaya a ƙasa ruwa ya taru a baya, kamar kwatar layi da leda ta cushe da damina. Hanta kuwa ba ta hutawa, kullum tana tatso wajen rabin lita ko fiye. Da ruwan ya rasa mafita sai ya koma cikin jini. Shi ya rina ido da fitsari, shi ya sa bayan gida ya yi fari-fari kamar koko, shi ya kawo ƙaiƙayin da mutum zai kwana yana susa da mataji har fata ta yi jini.

Abin da nake roƙonki ki riƙe shi ne maganar zazzaɓi. Ruwan da ya tsaya ruɓewa yake yi, ƙwayoyin cuta su hauro daga hanji. Zazzaɓin yawanci ba ya yin sallama. Za ki ga ta yini lafiya lau, can cikin dare sai rawar ɗari, haƙora na kaɗawa, gado na girgiza, a lulluɓa mata bargo uku a tsakiyar zafin Kano tana cewa a ƙara. Ga ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama yana harbawa baya. Sai gumi ya karyo, jiki ya yi sanyi, kowa ya ce alhamdu lillahi maleriya ce ta sauka. Ba ta sauka ba. In ta fara sambatu, ko ta kasa gane ku, ko fitsari ya ɗauke, to cutar ta shiga jini, ƙoda ma ta fara gazawa, kuma a wannan matakin awoyi ake ƙirgawa. Zazzaɓi da shawara da ciwon gefen dama, in suka haɗu, ko ƙarfe biyun dare ne ku sa ta a mota sai sashen gaggawa na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala. Kada ku biya ta kemis.

Masu yawo da mota da lasifika a bakin kasuwa suna tallan maganin shawara, su ne ke ƙona min rai. Mutum bai ga hoto ba, bai ga gwajin jini ba, ya ɗura wa tsohuwa galan na jiƙo ya ce za ta fitsarar da ita. Tsakuwa ce fa ta maƙale a bututu! Wane saiwa ne zai shiga ya zaro ta? Ga hantar da ma can a galabaice, an ƙara mata aiki. Haka mai kemis da zai yi ta zuba allurar taifod mako uku. Sai sun cinye kuɗin da kwanakin, sannan su ce a gwada asibiti, in ta Allah ta kasance kuma a ce aiki ne ya kashe ta. Kawunnanki ba mugunta suke yi ba, tsoro ne. Ki tafi da babbansu wurin likita ya ji da kunnensa.

Hoton ciki na yau da kullum sau da yawa ba ya ganin tsakuwar da ke ƙasan bututun, iskar hanji ke kare ta. Shi ya sa ake turawa a yi MRCP, hoton maganaɗisu ne, ba yanka ba allura. Za a yi gwajin hanta, da na ƙoda, da na daskarewar jini wato INR. Wannan na ƙarshe kada ku tsallake shi don tsimi: in ruwan ɗaci ba ya isa hanji, jiki ba ya iya tsotsar bitamin K, jini sai ya ƙi tsayawa. Galibi akan yi allurarsa miligiram 10 kullum kwana uku kafin a taɓa mutum, tare da ƙarin ruwa don kare ƙoda. Ku tanadi masu ba da jini tun yanzu.

Hanyar kauce wa yanka akwai, ERCP sunanta. Ba ci ba sha awa 6 zuwa 8, a sa ta barci, a zura bututu mai kyamara ta baki har bakin magudanar, a ɗan tsaga ƙofar, a jawo tsakuwar da balan-balan ko ɗan kwandon waya. In ta yi girma ta ƙi fita, sai a sa 'yar roba ruwa ya riƙa wucewa ta gefenta. Robar nan ba ta zama ba ce, wajen wata uku ake cire ta ko a sauya, in aka manta ita ma toshewa take yi. Ki rubuta ranar a bayan katin asibiti. Babban haɗarin ERCP shi ne kumburin fankiriyas (wata gaɓa a bayan tumbi mai taimaka wa narkar da abinci), yakan sami kamar mutum 5 cikin 100: ciwon ciki mai tsanani da amai bayan an gama, a gaya wa nas nan take. Ba ko'ina ake yin ta ba a ƙasar nan, kuma da tsada, don haka ki tambayi likitanku inda za a samu da kwana nawa za a jira. Ko an yi nasara, matsarmamar sai an cire ta ba da jimawa ba, don ita ce rumbun tsakuwar.

In jiran zai yi tsawo, aikin buɗe ciki ba abin gudu ba ne. A cire matsarmama, a tsaga bututun a kwashe tsakuwa, a wanke, wani lokaci a bar roba mai siffar T wadda ƙafarta ke fitowa ta fatar ciki zuwa jaka. In bututun ya buɗe sosai ko tsakuwar ta yi yawa, akan ɗinke shi kai tsaye da hanji. Jakar ta zauna ƙasa da ciki koyaushe, kada robar ta lanƙwashe, a maƙale ta da filasta, sallah a zaune. Ki riƙa auna abin da ya taru kullum, mililita 300 zuwa 500 ba abin tsoro ba ne a farko, amma in ya doshi lita, ko ya tsaya cak ciki ya ɗau ciwo, a koma. Ruwan da ke fita da gishirin jiki yake tafiya, a ba ta ORS, wato ruwan gishiri da sukari. Ba a zare robar sai an zuba rini ta cikinta an ɗauki hoto, bayan mako ɗaya ko kwana goma, an ga ba sauran tsakuwa, sannan a ɗaure ta kwana ɗaya ko biyu a gani.

Kafin nan a ɗaga mata ƙafa da ƙosai da awara da man shanu, maiƙo ke tayar da ciwon. Masu 'ya'ya sikila a cikinmu, ku ma ku kula, suna yin wannan tsakuwa tun da ƙuruciya, ba kowace shawararsu ce ta fashewar jini ba.

Abu ɗaya ba ki faɗa ba: shawarar da ciwon ciki ta zo, ko shiru ta shigo? Hajiya ta rame a 'yan watannin nan? In babu ciwo kuma tana zubewa, ki faɗa wa likita da bakinki, don ƙari a kan fankiriyas ma yakan matse wannan bututu, kuma a nan sai an ƙara da hoton CT kafin a yanke irin aikin da za a yi.