Amsa kan Man Cibiya, Zuma da Ganyen da Aka Ce Yana Kashe Sankara

Assalamu alaikum. Malama, na karanta tambayarki tun jiya da daddare, na kuma ga ya dace in zauna in amsa ta a tsanake, domin abin da ya dame ki ya daɗe yana damuna. Kin ce an turo miki saƙonni uku, kowanne ya fara da "bincike ya tabbatar": na farko cewa man cibiyar da ake bayarwa a asibiti ba shi da amfani, gara a koma gashi, na biyu cewa zuma tana warkar da kowane irin miki, na uku kuma cewa wani ganye yana kashe sankara. Kin ce ƙanwarki ta kusa haihuwa, gwaggonki kuma ta ji ƙullutu a mama. Ni ungozoma ce, na yi shekara 24 tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin wankin miki a nan Zariya, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne kalmar "bincike" ita kaɗai ba hujja ba ce, sai an san a kan su wa aka yi shi, da me aka kwatanta maganin, kuma me aka ƙirga a ƙarshe.

Man cibiyar sunansa kuloheksidin. An gwada shi a Nepal, aka wallafa sakamakon a 2006, sannan a Bangladesh da Pakistan a 2012. An raba ƙauyuka ta hanyar ƙuri'a, wasu ana shafa wa jariransu, wasu ba a shafawa, aka bi su ana ƙirgawa, sai aka ga ruɓewar cibiya ta ragu, mace-macen jarirai ma sun ragu. A kan wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2013 cewa a riƙa shafa shi ga jariran da aka haifa a gida, a wuraren da jarirai 30 ko fiye cikin 1,000 ke rasuwa a watan farko. Bayan haka, a 2016, manyan gwaje-gwaje biyu suka fito daga Zambiya da tsibirin Pemba na Tanzaniya, kuma ba su nuna raguwar mutuwa ba. Saboda haka saƙon da aka turo miki ba ƙarya ce zalla ba, rabin magana ce. Abin da aka ɓoye miki shi ne a can an kwatanta man ne da cibiyar da aka bari a bushe cikin tsafta, ba a kwatanta shi da tsumma mai zafi ko makilin ko toka ba. Ga shi kuma yawancin haihuwar a asibiti aka yi, kuma mace-macen jarirai dama ba su kai na ƙauyukan Asiya ba. Shi ya sa a 2022 hukumar ta gyara maganarta: barin cibiya a bushe cikin tsafta shi ne asali, man kuma yana da gurbi a inda aka saba shafa wa cibiya abubuwa masu cutarwa. Ki duba gidanku da idon gaskiya, ki ga wanne ne halinku.

Ba na manta wani jariri ɗan kwana 5 da aka kawo mana da asuba, cibiyarsa ta yi ja har zagayen ciki, tana fitar da mugunya mai wari, ya daina kama nono. Kakarsa, tsohuwa mai mutunci, ta ce mini safe da yamma take gasa masa, kuma da haka ta raini 'ya'ya tara. Da muka zauna daga baya, ta faɗa mini 12 ta haifa. Ba na cewa gashi ne ajalin ukun, Allah ne masani, amma ita da ni babu wadda za ta iya gane gaskiyar lamarin daga gida ɗaya, domin mutum yana tuna waɗanda suka rayu ne a gabansa. Wannan gibin ne ƙuri'a da ƙirga ke cikewa. Likitoci ma ba su tsira daga irin wannan kuskuren ba: a shekarun 1940 zuwa farkon 1950, an riƙa dura wa bakwainin da ke cikin kwalba iskar oksijin mai yawa a Amurka da Turai da kyakkyawar niyya, dubban jarirai suka makance, kuma sai da aka raba jarirai gida biyu aka gwada sannan aka tabbatar cewa yawan iskar ne sanadi. Idan kun karɓi man, ki ja kunnen duk mai taya jego cewa na cibiya ne kaɗai, domin a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan samun jariran da aka ɗiga musu shi a ido bisa kuskure, idanun wasu suka lalace.

Maganar zuma tana bukatar ladabi, domin Alƙur'ani ya ambaci waraka a cikinta a Suratun Nahl, kuma ni ma ina amfani da ita. Tambayar ma'aikacin lafiya ita ce wane miki, a wane mataki. Akwai wata ƙungiya mai suna Cochrane, da aka kafa a 1993, wadda aikinta tattara dukkan gwaje-gwajen da aka yi kan magani ɗaya, masu daɗi da marasa daɗi, ta auna ingancinsu. A 2015 ta tattara gwaji 26 kan zuma, da suka ƙunshi mutum 3,011. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ƙunar da ba ta cinye fata gaba ɗaya ba, inda zuma ta riga bandejin da aka saba da shi warkarwa da kimanin kwana 4 zuwa 5. A kan gyambon ƙafa da mikin masu ciwon suga kuwa, hujjar ba ta da ƙarfin da za a jingina da ita. Na taɓa kwance ƙafar wani magidanci mai ciwon suga wanda ya yi wata biyu yana zuba wa mikinsa zuma a gida; saman ya yi kyau, amma ƙwayar cuta ta riga ta isa ƙashi, kuma yatsu biyu ya rasa. Ba zumar ce ta cuce shi ba, jinkirin ne, da rashin daidaita suga da duba gudun jini a ƙafar. Ki sani kuma zumar asibiti tsarkake ta ake yi daga ƙwayoyin cuta, ba daidai take da ta kasuwa ba, wadda sau da yawa ma gaurayayyiya ce. Jariri kuwa ba a ba shi zuma sai ya cika shekara ɗaya, saboda tana iya ɗauke da irin ƙwayar da ke shanye masa jiki.

Saƙo na uku shi ya fi tayar mini da hankali, domin ya shafi gwaggo. Idan kika ji an ce ganye ya kashe sankara, ki fara tambaya: a jikin mutum ne, ko a jikin ɓera, ko cikin faranti a ɗakin gwaje-gwaje? Abubuwa da yawa suna kashe ƙwayar sankara a faranti, amma kaɗan ne ƙwarai ke yin haka a jikin ɗan Adam ba tare da sun illata hanta ko ƙoda ba. An taɓa yin amanna da sinadarin da ke ba karas launinsa, saboda an lura masu cin kayan lambu ba su cika kamuwa da sankara ba. Da aka gwada ƙwayarsa a kan maza masu shan taba fiye da 29,000 a Finland, sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Haka maganin Laetrile da ya yi tashe a Amurka da sunan maganin sankara: an gwada shi a kan marasa lafiya 178, aka wallafa a 1982 cewa bai warkar da kowa ba, wasu ma sun nuna alamun guba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Yale sun bi bayanan waɗanda suka ƙi maganin asibiti suka riƙe na gargajiya kaɗai, suka ga haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi. Wannan na ƙarshen ba na ƙuri'a ba ne, saboda haka ba na ɗora masa nauyi kamar na baya, sai dai ya dace da abin da idona ya gani: mata masu zuwa bayan wata takwas ko shekara, mama ya riga ya fashe, bayan kuwa sun ji ƙullutun tun yana kamar gyaɗa.

Abin da nake roƙonki shi ne kada ku bari makon nan ya fita ba ku kai gwaggo asibiti ba. Yawancin ƙullutun da ake ji a mama ba sankara ba ne, kuma hanyar sani ita ce a yi hoto, a ɗebi ɗan nama a duba. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen masu ciwon daji. Ki raka ta da kanki, ki tafi da takarda da biro, ki tambayi likita matakin da ciwon yake idan an same shi, abin da maganin da ya zaɓa yake yi wa masu irin matakinta, da wahalar da ke tattare da shi. Idan ta riga ta fara shan ganyen, ku tafi da shi a leda ku nuna, kada ku ɓoye, domin wasu tsirrai suna karo da allurar kemo, wato allurar da ake yi wa masu sankara a asibiti. Allah ya ba ta lafiya, ya kuma sauki ƙanwarki lafiya.