Pour le Mérite ba ta sojoji kaɗai ba ce

Malam, ka tambaya ko lambar yabo ta Pour le Mérite ta sojoji ce kawai, ganin an ce Albert Einstein ma ya samu. Ai kashi biyu ce. Ta sojojin Sarki Frederick na Biyu na Prussia, tsohuwar masarautar Jamusawa, ya kafa ta a 1740, ta kuma ƙare a 1918 da rushewar sarauta. Ta masana kimiyya da masu fasaha kuwa, Sarki Friedrich Wilhelm na Huɗu ya ƙirƙiro ta a 1842, masanin kimiyya Alexander von Humboldt ya zama shugabanta na farko.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarinta. Da farko kujerun Jamusawa 30 ne kacal, da wasu na baƙi, irin su Charles Darwin. Idan mutum ya rasu, sauran ne ke zaɓen wanda zai gaje shi, a mayar da lambar a rataya wa sabon. Ita kanta zobe ce shuɗiya mai rubutun zinariya, da hoton gaggafa a tsakiya.

Tsarin mulkin Jamus na 1919 ya hana gwamnati ba da lambobin girma, sai membobin suka ci gaba a matsayin ƙungiya mai zaman kanta. A nan Einstein ya shiga a 1923, ya fice a 1933 da zuwan 'yan Nazi. Shugaban Jamus ta Yamma Theodor Heuss ya farfaɗo da ita a 1952. Jihar Bavaria ta Jamus ma tana da tata, lambar Maximilian, tun 1853.