Amsa ga mai son ɗora manhajar lokutan salla a agogon hannu

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kana da manhajar lokutan salla a waya, mai ɗauke da alƙibla, carbi, azkar da kalandar Hijira, kana neman yadda za ka matse shafukanta su shiga fuskar agogon zamani. Na yi irin wannan aikin, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ka amsa a tsanake.

Kalmar "matsewa" ɗin nan ita na fara tsayawa a kai, don ta nan na ɓata watanni. Waya ana riƙe ta a zauna da ita, agogo kuwa leƙe ake yi masa. Mutum yana tafiya, ko yana riƙe da kaya, ko yana tsakiyar ciniki, sai ya ɗaga hannu ya kalla ya sauke, duka cikin daƙiƙa biyar ko ƙasa da haka. In bai ga abin da yake nema ba, hannu zai sa a aljihu ya ciro waya. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan ramin. Bayan fitowar Apple Watch a 2015 kowa ya yi rububin sa manhajarsa a ciki, amma zuwa 2017 Amazon da eBay sun janye nasu, Instagram ta bi su a 2018. Google Maps ma ta fice, sai a 2020 ta dawo.

Saboda haka tambayi kanka: mai amfani da manhajarka in ya ɗaga hannu, me yake son sani? Wace salla ce ke tafe, kuma saura minti nawa. Shi ke nan. Sunan sallar da manyan baƙaƙe, lokacinta a ƙasa, sai abin da ya rage. Azkar masu tsawo da kalanda ka bar su a waya, babu mai karanta dogon rubutu da hannu a sage. Hasali ma mafi yawan lokaci mutum ba zai buɗe manhajar ba, don haka ka fi ba da ƙarfi ga 'yan gurabun nan da ke kan fuskar agogon kanta, inda ake ganin batir ko yawan taku. Ka samu gurbi ɗaya da zai riƙa nuna "La'asar 3:52". A nawa aikin, wannan ɗan gurbin ya fi duk sauran shafukan amfani.

Kafin ka yi nisa, duba wane agogo mutanenka ke ɗaurawa. Da yawa daga masu arha da ake sayarwa a Farm Centre da sauran kasuwannin waya, tsarinsu a kulle yake, ba a sauke musu manhaja daga waje, sai dai su nuna saƙon da waya ta turo. Ga masu irin waɗannan, abin da za ka gyara shi ne sanarwarka ta waya: ta zama gajera, kalma uku ko huɗu na farko su ƙunshi duk maganar. Waɗanda za ka iya rubuta wa manhaja sosai su ne Apple Watch, wanda sai da iPhone yake aiki, da kuma masu Wear OS, wato tsarin Google na agogo. Samsung ta bar nata tsarin Tizen ta koma Wear OS tun daga Galaxy Watch 4 a 2021. Tunda mafi yawan mutanenmu Android ke hannunsu, ni da Wear OS zan fara, don shi ke aiki da Android.

To a nan ne lissafin fuska mai da'ira zai kama ka. Ƙananan agogunan Wear OS faɗinsu wajen 192dp ne (dp ma'aunin girman abu ne a fuskar na'urar Android), amma murabba'in da zai zauna cikin da'irar ba tare da an yanke masa kusurwa ba kusan kashi 70 cikin 100 ne na faɗin, wato wajen 136dp. Ita kuma Google ta ce duk abin da za a taɓa kada ya gaza 48dp. Ka ga maɓallai uku a jere ba za su shiga wannan murabba'in ba. Ni biyu nake sawa, wani lokaci ɗaya. Abu mai muhimmanci ya zauna a tsakiya, sama da ƙasa sai gajerun abubuwa. Kada kuma ka ɗora wani aiki a kan jan yatsa daga hagu zuwa dama, a Wear OS da shi ake komawa baya. Ka sa jerinka ya riƙa bin maɓallin murɗawa na gefe ko zoben da ke kewaye da fuskar, don yatsa ɗaya ya isa ya rufe rabin abin da ake karantawa.

Wanda na fi shan wahala a kansa carbi ne. Na fara da ɗan maɓalli a ƙasa da lamba a sama, a kwamfuta ya yi kyau ƙwarai. Da na ba wani dattijo a masallacin unguwarmu ya gwada, bai kai sau goma ba ya miƙo min, ya ce shi ba ya tasbihi yana kallon hannunsa. Gaskiyarsa. Na koma na mayar da fuskar gaba ɗaya maɓalli, ko'ina ka taɓa ya ƙirga, da ɗan motsi mai laushi a kowace taɓawa da kuma mai ƙarfi idan an cika 33. Maɓallin goge lissafi na ɗauke shi daga wurin, sai an danna an riƙe. Wani abin da ban taɓa hangowa ba shi ne ruwan alwala: ɗigon ruwa a kan gilashin yakan sa agogo ya ɗauka taɓa shi aka yi, haka ma bakin hannun riga in ya jiƙe. Don haka duk abin da ba a iya dawo da shi, kada taɓawa ɗaya ta aiwatar da shi.

Sauti kuma ka kashe shi tun daga farko, mai so ya kunna da kansa. Agogo a jikin fata yake, girgiza ta wadatar, kuma ba ka son kiran sallarka ya tashi a sahu liman yana karatu.

Bango baƙi wuluk za ka yi. Fuskokin nan OLED ne, inda yake baƙi a kashe yake, ba ya cin caji, ga shi yana ɓoye gefen gilashin. Apple ta yi shekaru tana faɗa wa agogonta na yau da kullum awa 18 kafin a sake caji, kuma ka san yanayin wutarmu, duk manhajar da ta zuƙe batir kafin Magariba goge ta za a yi. Lokutan salla lissafi ne, in ka adana wurin da mutum yake sau ɗaya agogon zai fitar da su ba tare da intanet ba, ba sai ka riƙa tayar da GPS kullum ba. Idan fuskar ta dusashe bayan an sauke hannu, galibi sau ɗaya a minti take sabuntawa, don haka kada ka nuna daƙiƙoƙi a wurin, za su tsaya cak su yi wa mutum ƙarya. Alƙibla kuwa ka fara bincika ko agogon yana da kamfas, ba duka ke da shi ba, kuma madauri mai maganaɗisu yana karkatar da shi.

Rubutun Hausa ya fi Turanci cin wuri, sai ka zana da Hausar tun farko, ka tabbatar ƙ, ɗ da ɓ suna fita daidai a kan agogon gaske. Ka ɗaura shi ka fita tsakar rana ka gani ko launin toka-tokan da ya burge ka a ɗaki yana karantuwa. Ka gwada a hannun dama ma, da yawa a can suke ɗaurawa. In ka zana shafin farko, ko a takarda ne, ɗauki hotonsa ka turo mu duba tare.